Abin da Kallabi Ya Rufe: Zubewar Gashin Mata Tsakanin Nima da Kasuwar Makola

Kasuwar Makola da ke tsakiyar birnin Akra, wanda tsofaffin fatake suka fi sani da suna Ankara, kasuwa ce ta mata. An gina ta a shekarar 1924, sojoji suka rushe ta a watan Agusta na 1979, zamanin mulkin farko na Jerry Rawlings, bisa zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya da tsawwala farashi. Ba a daɗe ba mata suka sake mamaye titunan da ke kewaye da ita, har yau kuma ragamarta tana hannunsu. A cikin waɗannan mata akwai wata Hajiya mai rumfar atamfa, haifaffiyar Nima, wadda kakanta ya baro ƙasar Katsina a kan fataucin goro, ya yada zango a bakin teku bai koma ba. Shekarunta 47. Kullum da sassafe takan hau tororo daga Nima ta sauka kusa da Tudu, ta ƙarasa rumfarta a ƙafa, ta jera GTP da ATL da 'yar Holan, sannan ta zauna a tsakiyarsu.

An san Hajiya da abu guda a layin masu atamfa, wato ɗaurin kallabi. Mata da yawa sukan sayi turmi saboda sun ga irinsa a kanta, wasu har sukan roƙe ta ta nuna musu yadda take naɗa shi ya sauko ya rufe rabin goshi da saman kunnuwa. Takan yi dariya ta nuna musu a kan nasu kan. Nata kuwa ba ya sauka. Shekara bakwai babu wanda ya ga kanta a buɗe da rana, har maigidanta, domin da hula take kwana, kuma takan riga kowa tashi.

Lamarin ya faro tun tana 'yar shekara biyar. Duk bayan mako biyu mahaifiyarta takan kai ta gidan makitsiya a cikin lungun Nima, a zaunar da ita a kan 'yar kujera, a danne kanta tsakanin gwiwoyi, a ja tsaga da tsinke, a tattaro har 'yan ƙananan gashin goshi a cusa cikin kitso. In ta yi kuka sai a ce mata kyau ba ya samuwa a ɓagas. Ta girma da sanin cewa kitson kirki shi ne wanda ke ɗaga gira, ya hana barci daren farko, ya sa mace ta kasa kai goshinta ƙasa da kyau in ta zo sujada. Ƙurajen da ke fitowa a bakin tsaga kuwa alama ce a wurinta ta cewa kitso ya kamu. Da ta kai shekara 18 ta fara sa rilaksa. Daga baya aka shiga yayin ƙarin gashi, irin kitson da 'yan Nijeriya ke kira da sunan Gana, ga kuma bukukuwan Zango da ba sa yankewa, kusan kowace Lahadi da ɗaurin aure ko suna. Takan sa rilaksa yau, gobe ta zauna a yi mata kitso da ƙari mai nauyi har gadon baya.

Gefen kunnuwa ne ya fara ja da baya, a hankali, kamar ruwan kududdufi da rani. Ya bar wani siririn layi na gashi a bakin goshi, bayansa kuma fili. Can daga baya, bayan ta haura arba'in, sai tsakar kanta ta fara ƙaiƙayi da zafi-zafi in ta taɓa, gashin wurin ya dinga sirancewa, filin yana faɗaɗa ta ko'ina kamar ɗigon mai a kan zane.

Wanda ke zaune a Makola ba ya rasa magani. Ta gaban rumfarta ake wucewa da man kaɗe daga Tamale, da man kwakwa, da man darbejiya, da hulba, da habbatus sauda, da garin shebe da ake cewa daga Chadi aka kawo shi. Ga masu lasifika da ke tallar kwalba guda mai maganin sanƙo da basir da ciwon baya. Ga layin masu magunguna na Okaishie, tafiyar 'yan mintoci. Hajiya ta gwada kusan duka. Wata mata, wadda ba ta da rumfa sai jaka, ta sayar mata da wani haɗi a roba marar suna, wanda ya kwantar da ƙaiƙayin cikin kwana uku, ta yi murna ta yi ta shafawa har wata shida, sai fatar goshinta ta yi haske ta yi laushi, jijiyoyi suka fito raɗau, gashi kuwa ko ɗaya. Ta karɓi rubutu ta sha, ta yi turare saboda kambun baka, domin wata aminiyarta ta ce mata mai ɗauri irin nata ba ta rasa mahassada. Kuɗin da ta kashe a shekara bakwai, in da ta tara, da sun ƙara mata jari mai kauri. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta buɗe kan ga wanda ya san aikin fata.

Dalilin ɓoyon ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman Zango. Gidajen Nima gidajen haya ne masu tsakar gida ɗaya da ɗakuna barkatai, magana ba ta kwana a ɗaki guda. A bakin Bahaushe sanƙo abin maza ne, har akan danganta shi da arziki a yi raha. Mace kuwa gashi rabin adonta ne, kuma ba ta da kalmar da za ta faɗi matsalarta da ita ba tare da an yi dariya ba. Ga kuma tsoron da ba a furtawa, na ranar da za a ce maigida ya ƙaro aure, a sami mai cewa ai da dalili.

'Yar farin Hajiya tana aure a Maamobi. Kamar yadda al'ada ta tanada, Hajiya ba ta kiran sunanta, ba ta sakin jiki da ita, kakarta ce ma ta raine ta. Wata uku da 'yan kwanaki bayan ta haihu, yarinyar ta zo Nima da daddare da goyonta, ta sami uwar a ɗaki ita kaɗai, ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta kwance wata takarda ta ajiye a gabanta. Dunƙulen gashi ne kamar ƙwan agwagwa.

"Mma, na tsifa ɗaya ne wannan," in ji ta. "Ko wanka na yi sai ya toshe rariya. Uwar mijina ta ce jifa ne. Ni kuwa tsoro nake ji kada ya gani."

Hajiya ta daɗe tana kallon takardar. Ta san hanyar da yarinyar za ta bi in aka bar ta, domin ita ta bi ta daga farko har ƙarshe, ta san roba marar suna, ta san hular barci. Sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta kunna fitila mai haske, ta warware kallabin, ta cire hular da ke ƙasansa, ta sunkuyar da kai.

"Ke, duba nan," ta ce. "Shekara bakwai ina ɓoyonsa. Gobe ba za ni kasuwa ba. Asibiti za mu, ni da ke."

Suka fara da asibitin Maamobi, daga nan aka tura su sashen fata na asibitin koyarwa na Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923 zamanin Gwamna Guggisberg. Likitar da ta duba su ba ta jin Hausa, sai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Sabon Zango ta tsaya tana fassara. Tambayar farko da aka yi musu tambaya ce da ɗalibin Hausa zai so ya tsaya a kanta: gashin zubewa yake yi ko karyewa? A maganar yau da kullum mutane sukan haɗa su, a ce gashi yana zuba, a ce yana kakkaɓewa, a ce kai ya cinye. Amma zubewa daga saiwa take, za a ga silin gashi da tsawonsa da ɗan farin kai a gindinsa. Karyewa kuwa daga tsakiya take, guntaye ne ke faɗowa, saiwar tana nan lafiya, kuma yawanci rilaksa ko zafin abin miƙar da gashi ko bushewa ke jawo ta. Akwai kuma sirancewa, inda gashi ke nan amma kowane sili yana ƙanƙancewa har fatar kai ta bayyana. Sai sanƙo, wato fili tas. Kowace kalma tana nuni ga wani ciwo daban, maganin ɗaya kuma ba ya yi wa ɗaya.

Kan ɗan Adam yana ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma kowane sili yana da zagayen rayuwarsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, kimanin santimita ɗaya a wata, sannan ya tsaya na 'yan makonni, ya huta wajen wata uku, ya faɗi, sabo ya fito daga saiwar nan. A kowane lokaci kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashi suna matakin tsiro. Shi ya sa faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ce. Macen da ta bar kitso mako huɗu, ranar tsifa za ta ga gashin kwana 28 a lokaci guda, domin kitson ne ya riƙe shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsorata wadda ba ta sani ba.

Matsalar 'yar Hajiya ta fi haka, amma mai sauƙi ce. Lokacin goyon ciki sinadaran jikin mace sukan riƙe gashi a matakin tsiro, ya yi yawa ya yi kyau. Da an haihu sai sinadaran su sauka, gashi mai yawa ya shiga hutu a tare, bayan wata biyu zuwa huɗu kuma ya zube a tare. Irin wannan zubar takan biyo bayan duk wata wahala da ta girgiza jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko taifot, ko tiyata, ko rasuwar makusanci, ko ramewar gaggawa. Tazarar watannin nan ita ke ruɗa mutane, domin lokacin da gashi ya fara zuba an riga an manta da zazzaɓin, sai a nemi dalili a wurin maƙiya. Abin kuma tsoho ne. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin wata mata da ta zo tana tambaya game da 'yarta amarya wadda gashinta ya zube bayan ta yi ƙyanda, ko ya halatta a yi mata ƙari, aka hana. Zubar jego takan tsaya da kanta, gashi ya koma yadda yake kafin yaro ya shekara, matuƙar babu wani abu da ke ƙara mata ƙarfi. Saboda haka aka ɗebi jinin yarinyar, aka auna yawan jini da ajiyar sinadarin ƙarfe da ake kira feritin, aka kuma auna aikin tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro wanda in ya yi sanyi ko ya yi zafi gashi kan zube. Aka sami jininta ya yi ƙasa. Aka rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini na watanni, aka ce ta riƙa cin hanta da kifi da ƙwai da wake da ganye irin su zogale da alayyafo, ta kuma raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi yana rage shigar ƙarfe cikin jiki. Ba a ba ta ko kwalbar shafawa ɗaya ba.

Da aka zo kan Hajiya, likitar ta ɗauki wani ɗan madubi mai fitila ta daɗe tana duba fatar. Abin da take nema shi ne ƙofofin gashi, 'yan ramukan nan da sili ke fitowa daga ciki. Inda ƙofa take, saiwa tana da rai, akwai fata. Inda fatar ta yi sumul tana sheƙi kamar bayan cokali, saiwa ta mutu tabo ya maye gurbinta, kuma babu man da zai tayar da ita, ko na kasuwa ko na asibiti.

Ciwo biyu aka samu a kan Hajiya. Na gefen kunnuwa da goshi shi ne sanƙon ja, wanda yawan ɗaure gashi da ƙarfi ke haifarwa. Ba ciwon baƙar fata kaɗai ba ne, domin wani likita ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Trebitsch ya fara bayyana shi a 1907 a kan matan Girinlan masu tamke gashinsu a tsakar ka. Sai dai ya fi yawa inda ake kitso. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Kef Tawun ta jagoranta a unguwar Langa, wanda aka wallafa a 2007, ya samu wannan ciwo a kan kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata da kimanin kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi tsanani ga waɗanda ake yi wa kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa, wato daidai abin da Hajiya ta shekara ashirin tana yi. Siririn layin da ya rage a bakin goshinta ma alama ce da likitoci suka sani, domin gajerun gashin wurin sukan kuɓuce wa hannun makitsiya. Zafi bayan kitso, da ƙuraje a bakin tsaga, da fatar da ke tashi kamar tanti a gindin kitso, duk gargaɗi ne. A shekarun farko, in aka daina ja, gashi yakan dawo. In aka ci gaba shekara da shekaru, sai ya zama tabo. Kuma kitso ba shi kaɗai ke ja ba. Tamke gashi da roba a ƙeya a ƙarƙashin hijabi, da hula mai matse goshi, da gam ɗin manna hular gashi, duk aikinsu ɗaya. Hatta 'yan matan arewacin Gana masu dako a Makola, waɗanda ake kira kayayei, kalmar da aka haɗa daga “kaya” ta Hausa da “yei” ta harshen Ga mai ma'anar mata, gugar gammo da nauyin kwano kan karya musu gashin maɗiga.

Na tsakar ka kuwa ya fi wuya. Kumburi ne a ƙarƙashin fata wanda ke cin saiwa daga tsakiya yana bazuwa, kuma ya fi kama mata 'yan asalin Afirka daga shekara talatin zuwa sama. A 1968 likitocin Amurka sun danganta shi da matajin ƙarfe mai zafi da baƙaƙen matan ƙasar ke miƙar da gashi da shi, har suka raɗa masa suna da hakan. Daga baya aka ga yana kama har waɗanda ba su taɓa amfani da matajin ba. A 2019 wani bincike da Farfesa Ncoza Dlova ta birnin Durban take cikin masu yin sa ya gano sauyi a ƙwayar gado mai suna PADI3 a jikin wasu daga cikin masu ciwon, abin da ke nuna akwai hannun gado, salon gyaran gashi kuma yana iya hura wutar. Da aka fassara wa Hajiya wannan, sai ta tuna mahaifiyarta ma ba a taɓa ganin kanta a buɗe ba a ƙarshen rayuwarta.

Ma'aikaciyar jinyar ta gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. "Mma Hajiya, tsakiyar nan da ta yi sheƙi ba za ta dawo ba. Aikin yanzu shi ne a tsayar da shi kada ya ci sauran. Gefen kunne na dama akwai rai, na hagu sai abin da Allah Ya yi." Hajiya ta tambaya ko da ta zo da wuri da an cece shi. Aka ce mata da an ceci mafi yawansa. Ta yi shiru, ta gyara goyon jikarta da ke hannunta.

Maganin da aka ɗora ta a kai kashi uku ne. Na farko allurar sitiroid da ake yi a fatar kai a bakin filin, duk bayan makonni huɗu zuwa shida, tare da na shafawa mai ƙarfi na ƙayyadadden lokaci, domin kashe kumburi. A nan ta gane cewa alamun da haɗin roba marar suna ya bar mata a goshi irin na sitiroid ne da aka yi ta shafawa ba awo ba ƙa'ida, maganin da ke amfani a hannun likita ya koma ɓarna a hannun mai jaka. Na biyu ƙwayoyin doksisaikilin na 'yan watanni, waɗanda ake bayarwa a nan saboda suna rage kumburi. Na uku minoksidil na shafawa. Shi wannan asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa gashi yana fito musu, sai aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga maza a 1988, ga mata kuma 'yan shekaru bayan haka. Ana samun sa mai ƙarfin kashi 2 da mai kashi 5. Yana da sharuɗɗa da ya kamata a sani tun farko: a makonnin farko zuba takan ƙaru kafin ta ragu, ba a ganin amfaninsa sai bayan wata huɗu zuwa shida, yakan fito da gashi a fuska in ya zubo, a sirancewar gado kuma in aka daina shi abin da ya tsiro yakan koma. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, shi ya sa ba a ba 'yarta ba.

Akwai wasu nau'o'in da ba su shafi waɗannan mata biyu ba, amma ana ganin su a Zango kullum. Akwai sirancewar gado, wadda ke faɗaɗa tsagar tsakiya sannu a hankali, musamman bayan ɗaukewar al'ada, wadda likitan Jamus Erich Ludwig ya kasa ta mataki uku a 1977. Ita ake yi wa minoksidil, wani lokaci a haɗa da ƙwayar sifironolakton, wadda ba a ba macen da ke iya ɗaukar ciki sai da tsarin kariya. In sirancewar ta zo wa budurwa tare da rikicewar al'ada da ƙurajen fuska da gashin haɓa, akan duba ƙwayayen mahaifarta. Akwai sanƙon kwabo, fili zagayayye sumul da ke bayyana dare ɗaya, wanda aka fi jingina wa aljanu ko sammu, alhali garkuwar jiki ce ke afka wa saiwar gashi. Sau da yawa yakan warke da kansa ko da allurar sitiroid, kuma a 2022 an amince da ƙwayar barisitinib a Amurka domin mai tsanani, ko da yake tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Akwai makero, mai zuwa da amosani da karyayyen gashi a kan yara, wanda ke yaɗuwa ta mataji da tsinken kitso da askar wanzami, kuma shafe-shafe ba sa kashe shi sai an sha ƙwaya irin su girisofulbin na makonni shida zuwa takwas. Dashen gashi, wanda masu hali ke zuwa Turkiyya a yi musu, yana yiwuwa a sanƙon ja da ya tsaya cik, amma ba a dasawa a fatar da kumburi ke ci, kamar yadda ba a shuka a gonar da wuta ba ta mutu ba.

Man kaɗe da man kwakwa da karkashi ba a hana Hajiya su ba. Suna tausasa gashi, suna rage karyewa, kuma wannan amfani ne na gaske. Iyakarsu ke nan. Ƙwayoyin biyotin da ake tallatawa a waya ba sa ƙara komai ga wadda ba ta da ƙarancinsa, suna ma iya ɓata sakamakon gwajin tayirod, don haka mai shan su ta faɗa kafin a ɗebi jininta. Cinikin maganin gashi tsohuwar sana'a ce. Madam C. J. Walker, baƙar Ba'amurkiya da ta rayu daga 1867 zuwa 1919, zubewar gashinta ce ta sa ta fara haɗa man da ya mayar da ita attajira. Kasuwar tana nan da rai saboda galibin zubar gashi, irin ta jego da ta bayan zazzaɓi, da kanta take tsayawa, sai kwalbar da ke hannu a lokacin ta kwashe yabo.

Abu mafi wuya da ya rage wa Hajiya shi ne zuwa gidan makitsiyarta, wadda suka shekara ashirin tare, wadda ita kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin kallabin, ta kuma riƙe sirrin tana lulluɓe filin da ƙari. Hajiya ta je da autarta 'yar shekara tara, ta zauna, ta kwashe bayanin asibiti ta faɗa mata. Makitsiyar ta ɓata rai.

"Hajiya, yanzu ni za a ɗora wa? In na yi sako-sako ku ce bai yi kyau ba, bai kwana biyu ba, kuɗinku ya tafi a banza. Ku ne ke cewa in ja."

"Gaskiyarki, 'yar'uwa," in ji Hajiya. "Ni na ce ki ja. Yau kuma ni ke cewa ki sassauta. Ki yi mata manya, ki bar na goshi kada ki kama su, ba ƙari. In ta ce akwai zafi, ki warware. In ya tsufa a mako biyu na kawo ta na sake biya."

Makitsiyar ta yi ƙwafa, ta jawo yarinyar tsakanin gwiwoyinta, ta yi mata shuku mai manyan tsaga guda takwas. Yarinyar ta tashi tana taɓa kanta tana mamaki, domin ba ta taɓa tashi daga kujerar nan ba tare da hawaye ba. Daren nan ta yi barci a kan kowane gefe ta so.

Bayan wata takwas, gashin 'yar fari ya cika, gajeru sababbi sun tsaya cirko-cirko a bakin goshinta. A kan Hajiya ƙaiƙayi ya tafi, filin tsakiya ya tsaya inda yake, gefen dama ya fito da laushin gashi kamar na jariri, na hagu bai motsa ba. Ta daina rilaksa, ta rage gashin ya zama gajere, tana wanke shi duk mako ta bar shi ya bushe kafin ta rufe. Wata safiya ta bar hular a kan matashi har maigidanta ya shigo. Ya duba, ya ce ai ya daɗe da sani, ya yi shiru ne don ya ga ba ta so a sani, sannan ya tambaye ta yaushe za ta koma allura, ya ajiye kuɗin mota.

Tana nan a Makola da ɗaurinta, sai dai ya ɗan sassauta ya ja baya daga goshi. In mace ta tsaya taya atamfa, Hajiya ta hango bakin gashinta ya fara ja, ko ta ga girarta a ɗage da sabon kitso, takan auna mata yadinta ta naɗe, sannan ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, zo ciki in nuna miki wani abu." Wasu sukan shiga bayan labulen, wasu sukan ce suna sauri.